Ƙa'idar Uwar Teloli

Maigadi yana jera kujerun baƙi Uwar Teloli ta hango tsohon ta tagar ofis, tsaye a layin masu gwaji, shi kaɗai namiji cikin mata. Wata uku ke nan tana sa a kore shi daga bakin ƙofa. Duk ranakun Allah bai ga ranar shigowa ba sai yau.

Yau ne manyan baƙi za su duba gidauniyarta, su yanke ko za su gina mata zaure na biyu. Mata sittin ke jiran zauren nan don su koyi ɗinki. Kuma ba kamfaninta mai kekunan ɗinki ɗari biyu ne ya jawo baƙin ba. Ƙa'idarta ce, wadda ta sa aka rubuta da jan fenti a bango: duk wanda ya zura zare a allura, ya ɗinka layi ɗaya miƙaƙƙe, ya tafi da keke kyauta. Ba a tambayar shekaru, ba a tambayar asali.

"Wa ya bar wancan ya shigo?" ta ƙwalla wa maigadi ta tagar.

Maigadi ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, cewa ya yi gwaji ya zo. Kuma ke kika ce duk wanda..."

"Na san abin da na ce!"

Ta yunƙura za ta je ta finciko shi da kanta, sai ga motocin baƙi suna shigowa. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta fita da fara'ar dole.

Da aka zauna ta ba da labarin da ta saba bayarwa. Tana shekara tara mahaifinta ya mutu, ya bar su su biyar a ɗaki ɗaya mai yoyo. A cikin makon ne wani mara imani ya shigo da rana tsaka, uwarta tana kwance da zazzaɓi, ya kwance kan keken ɗinkin da ke ciyar da su, ya naɗe a bargo ya saɓa a kafaɗa. Ta bi shi har bakin titi tana riƙe da gefen rigarsa, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta shiga sa maɓalli da facin hannu a ƙarƙashin teburin wani mai yadi, har ta samu keken haya, har ta kai inda ta kai.

Wata baƙuwa ta share hawaye. Tsohon kuwa ƙasa yake kallo, ya haɗe hannuwa a baya kamar mutumin kirki. Uwar Teloli ta san hannuwan nan. Su ne suka ɓamɓare mata yatsu, kuma shekara talatin da biyar ba su rage mata ƙinsa ko da ƙwayar zarra ba.

Aka fara gwaji. Mata shida suka ci, biyu suka faɗi. Da layi ya zo kansa, ta ce wa sakatariya ta matsa, ita za ta ba shi kaya. Ta zaɓo allura mafi ƙanƙantar ido, da baƙin zare, da baƙin yadi mai santsi wanda ko manyan telolinta sai sun yi tsaki kafin su sa shi a keke. Ta dai ga hannunsa yana rawa tun a layi, ai wannan ba sai an kai ruwa rana ba.

Ya zauna. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga hannun hagu, ya zura shi sau ɗaya tak. Ya taka keke, rawar hannun ta ɗauke kamar da ma ba a yi ta ba.

"Ikon Allah," in ji sakatariya tana dariya. "Ashe dattijo ma bahago ne irin Uwa."

Hararar da ta sha ita ta kashe dariyar. Uwar Teloli ta karɓi yadin, ta ɗaga shi ga haske, ta juya bayansa. Ta kama gefe biyu ta ja da iya ƙarfinta ko ɗinkin zai fashe. Ko gezau. Layi ne kamar an sa ma'auni, ga baƙi sun zuba mata ido, ga jan fenti a bayanta. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa.

"Ya ci," ta ce, kamar ana zare mata rai.

Wuri ya kaure da tafi. Shugaban baƙin ya ce abin da suka zo gani ke nan, zaure kam a fara haƙa tushe. Ya kira mai hoto, ya ce a ɗauke ta da dattijon a gaban sabon keke.

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba keke na zo nema ba. Ki saurare ni minti biyar, ko don albarkacin..."

"Albarkacin wa?" Ta faɗa ta tsakanin haƙora, ba wanda ya ji sai shi. "Ɗauki ka fita. Shekara talatin da biyar ke nan da na binne ka, ka zauna a inda na sa ka."

Sannan ta yi wa mai hoto murmushi, hannunta a kafaɗar uban da ya haife ta.