Ranar da Kowa Ya Kusa Zama Direban Tifa

Kai da kake ƙorafin kayan aikinka sun cika tsirfa, matso ka ji. An yi wani mai rubuta manhajar kwamfuta, gwani ne na gaske, yatsunsa kamar walƙiya, sai dai ba ya son a ce masa dakata. Wani asibiti ya ɗauke shi ya riƙa kula da rumbun bayanan masu ba da jini, inda aka tara sunan kowa da irin jininsa da lambar wayarsa, don in an kawo mara lafiya a san wanda za a kira. To, shi rumbun nan ba a faɗa masa kai tsaye. Akwai wata 'yar manhaja a tsakani, kamar 'yar aike: ka ba ta umarni, ta kai, ta dawo da amsa. Wanda ya ƙera ta kuwa, ko wane ne shi, ya ɗora mata wani hali. Duk gyaran da ka aika za ta ce an yi, ka duba ka ga an yi, amma fa a wurinka kaɗai. Sauran ma'aikata tsohon abu suke gani, har sai ka sake rubuta mata cewa ka tabbatar. In ka rufe kwamfuta ba ka tabbatar ba, aikinka ya bi ruwa. Ta taɓa yi wa gwanin namu haka, wahalar hantsi guda ta tashi a banza, daga nan ya raɗa mata suna Hajiya Sai-an-rantse. Yakan ce, “Wannan ko gishiri ka aike ta saye, sai ta dawo daga bakin kasuwa ta ce, ka tabbata gishiri?” Ya sha alwashin kashe tsarin, amma kullum sai gobe.

Ran nan wani direban tifa cikin masu ba da jini ya canza layin waya. Gwani yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya, ya rubuta da ɗayan cewa a sa wannan sabuwar lamba. Bai faɗi wanda za a sa wa ba. Ita kuwa Hajiya ba ta musu da babba, ta kai saƙo ta dawo ta ce an gyara, mutum dubbai. Ya zaro ido. Liman, mahauci, malamar makaranta, ɗan sanda, kowa lambar direban tifa! Gyaɗa ta tsaya masa a wuya. Kafin ya haɗiye sai ga wata ma'aikaciyar jinya a guje, ta faɗa kujerar da ke kusa da tasa tana cewa, “Malam, matsa mini, jini ya ɓalle wa mai haihuwa, kuma irin nata wuyar samu gare shi.” Ya buɗe baki zai ce mata ya lalata lambobin, ita kuwa ba ta tsaya sauraronsa ba. Yana kallo ta danna tata kwamfutar, sunaye suka jeru, kowa da lambarsa ta asali, ba ko ƙurar tifa. Sai a lokacin ya gane ashe ɓarnar ba ta wuce allonsa ba, don bai rantse ba tukuna. Nan take ya rubuta a janye, komai ya koma yadda yake. Kafin zufarsa ta bushe, mahaucin nan da ma'aikaciyar ta kira a waya ya diro daga bayan acaɓa yana naɗe hannun riga, yana tambayar ina ɗakin ɗibar jini.

Ka ga mutumin da ya ƙera manhajar nan bai taɓa taka asibitin ba, bai san gwani ba, bai san mai haihuwa ba. Amma ya san ɗan Adam, ya san hannu yakan riga hankali, shi ya sa ya bar 'yar tazara tsakanin “na yi” da “ya yiwu”. Gaskiyar Hausawa da suka ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.