Ƙarar Gudumata

An rushe shagon kafinta da Baba ya bar mana, ni da Auta. Takardun filin suna hannunsa, shi ne ɗan boko.

Kafin rusau, kullum sai ya zo da wata makirfo mai gashi kamar ɓera. Wai sana'arsa ke nan, naɗar ƙarar gari.

"Yaya, kar ka yi magana, ja zarto kawai."

"Wa zai biya kuɗi ya ji zarto, in ba mahaukaci ba?"

Dariya ya yi. Da katafila ta zo, tare muka tsaya. Ya fi ni kuka.

Bayan nan ya gayyace ni baje kolinsa. Ɗaki ne mai duhu, lasifika ta ko'ina. Sai ga ƙarar gudumata, ga ta zartona, har tarin da nake yi in ƙurar katako ta shaƙe ni. Hawaye suka zubo min. Na ce a raina, yaron nan ya ajiye mana Baba.

Wata mata kusa da ni ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, ka ji fasaha? Ai mai wannan aikin ne ya sayar wa mijina filin shagon. Har sharaɗi ya kafa, kar a taɓa wurin sai ya gama naɗar ƙarar kafintan."

Aka kunna fitila, ana ta yi wa Auta tafi.

Tun ranar ba ni da ƙane. Gudumar tawa kuma, in ina son jin ta, sai na yanki tikiti.