Abin da Lantana Ta Gani a Littafin Sallau

Tunda ka zo min da takardun kamfanin shagunan nan kana nuna min yawan cinikinsu, har kana cewa gobe za ka sayi hannun jari, to ajiye biron nan tukuna, ka ji abin da ya sami wani malamin lissafi.

Malam Tanimu ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a firamare. Ranar da aka biya shi kuɗin sallama ko tuwo bai iya ci ba, don murna da fargaba. Kuɗin nan su ne na ƙarshe, babu wani albashi a bayansu. Ga rufin ɗaki yana yoyo, ga 'yar autarsa da sauran shekara biyu a makarantar koyon jinya. Yana da aboki tun na wasan ƙasa, Sallau, mai shagon kayan masarufi a bakin tasha. Sallau mutumin kirki ne har ya yi yawa, bakinsa bai taɓa koyon ce wa mai neman bashi a'a ba, shi ya sa shagonsa kullum a cike kamar gidan suna. Shi ne ya ce wa Tanimu ya zuba kuɗinsa, rabin shago ya zama nasa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har ya miƙa masa littafin shagon ya ce ya je gida ya duba.

Kwana uku Tanimu yana zaune a tabarma, tabarau a kan hanci, yana tarawa. Ciniki ya ninka na bara. Ya haɗa kayan da ke kanta, da kuɗin da ke durowa, da bashin da Sallau yake bin mutane, duk ya kira su dukiya. Lissafin kuwa ya fita tsaf, ko kwabo bai ɓace ba. Ana nan sai matarsa Lantana ta kawo masa kunu, ta zauna, ta jawo littafin. Ita ba ta yi boko ba, amma ta shekara ashirin tana suyar ƙosai a ƙofar gida, ta kuma san abu ɗaya: duk wanda ya biya bashi, ana jan layi a soke sunansa. Sai ta riƙa lasar yatsa tana buɗe shafi. Shafukan farko, na shekara biyu baya, kusan kowane suna a soke yake. Na tsakiya, nan ɗaya can ɗaya. Na ƙarshe kuwa, shafi bayan shafi, babu layi ko guda.

Ta rufe littafin ta ce, “Malam, ka tara abin da aka ɗauka. Wa ya tara abin da aka dawo da shi? Ni dai a ƙosai, wanda Juma'a biyu ta wuce bai biya ba, hanya yake canjawa.”

Abin ya yi wa Tanimu zafi ƙwarai, an taɓa lissafinsa, an taɓa abokinsa. Kwana biyu yana cika yana batsewa, ita kuwa ko a jikinta, kunun ma ƙara masa suga take yi. A rana ta uku ya ɗauko littafin a ɓoye, ya ware bashin bisa tsufansa: na wata guda, na wata uku, da wanda ya ga damina biyu. Ciniki ya ninka sau biyu, amma bashi ya ninka sau huɗu, kuma fiye da rabinsa ya tsufa. Wasu masu sunayen sun bar garin, mutum biyu ma shi da kansa ya je jana'izarsu. Ya mayar wa Sallau littafinsa, ya ce ba zai shiga ba. Sallau ya yi murmushi ya ce ba komai, amma daga ranar gaisuwarsu ta gajarce.

Ana saura mako biyu azumi, masu ba Sallau sari suka ce sai kuɗi hannu. Ya nuna musu littafin, suka ce su ba takarda suke sayarwa ba. Kantoci suka bushe, masu cika shagon suka watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Tanimu ya same shi a benci shi kaɗai, ya zauna kusa da shi, tausayi ya kama shi. Da ya zuba kuɗinsa, da yau su biyu ne a bencin, babu mai ɗaga wani. Sai ya gutsuri kaɗan daga kuɗin ya saro masa shinkafa, suga da mai, da sharaɗi ɗaya: littafi ya koma hannun Lantana. Ta yafa mayafinta tana bi gida-gida, da gaisuwa da tambayar yara, ba ta tashi sai an ja layi. Ba duka ta samo ba, amma shago ya tsaya. An gyara rufi, 'yar auta ta gama karatu, Sallau kuwa har gobe in ya hango Lantana sai ya miƙe ya ce, “Manaja, barka da zuwa.”

To kai ma buɗe shafin da kamfanin ya rubuta bashin da yake bin mutane. Mai sayar da kaya ɗai-ɗai, cinikinsa hannu da hannu aka san shi. In ka ga bashin yana gudu ya bar ciniki a baya, ko yana tsufa a takarda, ka tambayi wa ya biya kafin ka zaro kuɗin guminka. Ba a banza Hausawa suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba.