Gidan Zanzaro a Akwatin Juya Wuta

Zauna, Malam Isyaku, tunda ka ce ba ka ga abin da zai sa mutum da hankalinsa ya kashe wutar da ke zaune lafiya ba. Bari in ba ka misali.

An yi wani asibiti da ya tara bayanan marasa lafiyarsa kaf a na'ura ɗaya: wane jininsa iri kaza ne, wance kada a kuskura a yi mata allura kaza. Ita kuwa na'urar, in aka yanke mata wuta tana tsakiyar aiki, abin da ke cikinta dagulewa yake yi. Sai aka saya mata batir mai riƙe ta minti goma, da janareta, da akwatin da ke juya wuta zuwa janareta da kansa in ta gari ta ɗauke. Suka kuma yi dacen layi mai kyau, aka yi wata biyar wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mai kula da ɗakin, kowace Asabar sai ya tada janareta, ya riƙe ƙugu ya saurari rurinsa, ya gyaɗa kai, ya kashe. Wai shi nan ya yi gwaji.

Da aka yi masa canjin wurin aiki, wata mata ta karɓi ɗakin. Asabar ɗin farko ta kwafe bayanan ta ajiye gefe, ta ce da hannunta za ta yanke wutar gari. Shugaban asibiti ya ce, "Haba Malama, ba ki ji ƙarar injin ba ne?" Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Wutarsa ce ban ga ta shigo ɗakin nan ba." Ta dubi agogo, ta ja makunni. Janareta ya tashi garau, har tagogi na rawa, amma na'ura tana nan tana shan batir. Minti ɗaya, minti uku, shiru. Ta mayar da wutar gari, ta kira mai gyara ya buɗe akwatin. Ashe zanzaro ne ya gina gidansa na laka daidai kan ƙarfen da ke juyawa, ya bushe ƙam. Aka kankare, ta sake jan makunni, kafin shugaba ya share gumin goshinsa wuta ta haye. Wallahi matar nan ta burge ni. Da ranar ɗaukewar gaske aka tarar da lakar nan, a minti na goma sha ɗaya likita zai nemi jinin mara lafiya ya rasa.

To tashi ka riƙe agogo, ni zan ja makunnin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.