Shafi na Tara

Nilanjana ta ajiye shafukan da ta gyara a kan teburin maɗaba'a, kusa da shayin Sudhamoy da ya huce. Shekara goma sha tara ke nan suna fitar da mujallar ƙungiyarsu, ta masoyan wani marigayin marubucin barkwanci na Kolkata. Mijinta ne ya kafa ƙungiyar, da ya rasu amininsa Sudhamoy ya riƙe ta.

"Wannan ne gyarana na ƙarshe, Sudhamoy-babu," in ji ta, ta haɗa sunansa da laƙabin girmamawa na garinsu. "Ɗana ya aiko da tikitin jirgin ƙasa, wai in koma wurinsa Bangalore."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Tun ranar aurenta Boudi yake ce mata, wato matar yaya, bai taɓa kiran sunanta ba.

"Nilanjana," ya ce, "kada ki tafi. Ki aure ni."

Ta dubi yatsunsa masu tawada. Bai taɓa yi mata magana ba da wasa ba sai yau.

"Da furfurarmu? Ai 'yan ƙungiya za su sha dariya."

"Su sha. Dama don dariya muka tara su."

Injin bugawa ya tsaya. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta tura masa shafi na tara.

"Sun cinye harafi ɗaya a sunan mijina. Mu gyara masa tukuna. Da yamma zan kira ɗana ya mayar da tikitin."