Wa Ya Ce Ka Gyara Min Mota?

Bahago makanike ya fito daga ƙarƙashin Landirobar Alhaji Zailani yana washe baki. Juyen baƙin mai kawai aka kawo ta, amma mai neman 'yar Alhaji ai sai da bajinta.

"Baba, ciwon nan nata na ƙin tashi in ta yi zafi, na kashe shi! Bututun fetur ne ya jingina da salansar hayaƙi, man ke tafasa. Murza ka ji."

Murzawa ɗaya ta tashi. Alhaji ya dafe kai.

"Wa ya aike ka, Bahago? Ciwon nan ne ya hana duk 'yan unguwarmu ta Limancin Kona aronta!"

Sai ga maƙwabcin Alhaji ya leƙo.

"Alhaji, ashe ta warke? Dama gobe muna da ɗaurin aure a Soba."