Birki a Gaban Kasuwar Kifi

Motar haya marar direba ta sake cin birki a gaban wata kasuwar kifi a birnin Wuhan, alhali titi fayau yake, ko kare babu.

Qiu Lan, mai lura da motocin daga ofis, ta ƙura wa allonta ido. Na'urar motar ta zana siffar mutum yana tsallaka titi. Kyamara kuwa ba ta nuna komai ba sai kwalta da ruwan sama.

Ta kunna lasifikar cikin motar. Wani tsoho ne shi kaɗai a kujerar baya, da kwandon cefane a cinyarsa.

"Baba, ka yi haƙuri, matsalar na'ura ce. Bara wata motarmu ta kasa gane wata mata mai laima a nan, ta buge ta. Tun da aka koya wa motocin wannan hatsarin, da an fara ruwa sai su riƙa ganinta. Gobe za a goge abin."

"A goge?" in ji tsohon.

"Eh, Baba. Bari in tura motar gaba, kada ka makara."

"Dakata, 'yata. Gidana yana nan bayan kasuwa, ko da ƙafa zan je. Sai na ga hadari ya haɗo nake kiran motarku." Idonsa na kan titin. "Matata ce. Dama can ba ta da sauri. Ki bari ta ƙarasa tsallakawa."